Ranar da Mai Agogo Ya So Ya Busar da Jikarsa

A bakin layinmu, tsakanin shagon aski da kemis, akwai wani akwatin gilashi mai ƙafa huɗu. Ƙafa ɗaya gajeriya ce, an tokare ta da marfin kwalba. Bayan akwatin akwai kujera, a kan kujerar akwai dattijo, a idon dattijon na dama kuma akwai ɗan baƙin madubin nan da masu gyara ke maƙalawa. Shi ne Mai Agogo. Sunansa na yanka yana nan a katin shaidarsa, amma ko matarsa, Inna, sai ta yi ɗan tunani kafin ta tuno shi.

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a wannan kujera. A da, ma'aikata kan yi layi a gabansa da safe, kowa riƙe da agogonsa kamar mai kawo jariri awo. Da wayar hannu ta zo, layin ya watse. Yanzu aikin bai wuce canza batir da madauri ba, sai jefi-jefi wani tsoho ya kawo agogon ubansa. Duk da haka ban taɓa jin ya yi wa waya hassada ba. Cewa yake, "Waya ai ba ta san lokaci ba, gaya mata ake yi." Bai taɓa ƙyashin mai aski da ke cika da mutane ba, bai taɓa leƙa cinikin mai kemis ba. Mutum ne da Allah ya wanke wa zuciya tas, har sai da ɗansa ya yi aure ya jawo masa suruki.

Uban matar ɗan nasa shi ne wanda unguwa ke kira Likita. Ba likita ba ne, shi ma bai taɓa cewa shi likita ne ba. Shekara talatin ya yi yana tura gadon marasa lafiya a babban asibiti, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata, daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin kwanciya. Ko allura ɗaya bai taɓa yi ba. To amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: kunnensa ya sha maganar likitoci, idonsa ya ga cuta iri-iri. Yana da guntun sabulu naɗe a leda cikin aljihun gaba, ba ya taɓa abinci sai ya fito da shi. Mata kan tare shi a hanya su nuna masa ƙurjin yaro, shi kuma ya duba ya ce, "Ku je asibiti." Iyakar maganinsa ke nan, amma sai a yi ta godiya.

Wannan godiya ita ke ƙona wa Mai Agogo rai.

"Da zama kusa da abu yana koyar da shi," in ji shi, "da kujerar nan tawa ta daɗe da iya gyaran agogo."

In sun haɗu kuwa, gaisuwa har ƙasa. "Malam, ya gida?" "Alhamdu lillahi Malam, ya kasuwa?" Sai Likita ya ba da baya, Mai Agogo ya bi ƙeyarsa da kallo ta cikin madubinsa, kamar yana neman inda ta lalace.

Duk wannan mai sauƙi ne kafin zuwan 'Yar Tsuntsu. Jika ce ta farko ga gidajen biyu, 'yar shekara biyu da rabi, ga surutu ga ɗan bakin nan tsini wanda ya jawo mata sunan. Uwarta malamar makaranta ce, ubanta kuma direban babbar mota, sai ya yi sati bai kwana gida ba. Kullum safiya uwar kan goyo ta, ta biyo ta layinmu, ta durƙusa ta gai da Mai Agogo, yarinyar ta leƙo ta ce "Kaka!", sannan su wuce gidan Likita, inda za ta wuni har a tashi makaranta.

Mai Agogo ya auna. Mutum ne da ba ya cewa "ɗan jimawa". Rabonsa da jikarsa minti huɗu ne a rana, in mai aski bai sa baki ba. Rabon Likita awa bakwai.

"Kuma sunan ma ɗaya," ya ce wa Inna. "Ni Kaka, shi Kaka. Jinina ce fa. Kunnenta ma irin nawa ne."

"To ka je ka yanko kunnen ka ajiye a akwatinka," in ji Inna. "Malam, kishi da gemu bai yi kyau ba."

"Wa ya ce kishi nake? Lissafi nake."

Ana nan, sai aka kira 'yan fansho tantancewa ta kwana biyu a can cikin gari, Likita kuma yana ciki, matarsa ma za ta raka shi saboda takardu. Malama, uwar 'Yar Tsuntsu, ta zo da yamma ta durƙusa, tana murza gefen mayafi.

"Baba, da ma gobe da jibi ne, ko za ku iya riƙe mini ita?"

Mai Agogo ya cire madubin daga ido, ya goge, ya mayar. "Ko za mu iya? Wa ya riƙe mijin naki har ya yi gashin baki?"

A ransa kuwa ya riga ya tsara: kwana biyun nan su ne jarrabawarsa. In ya ci, ya samu bakin cewa a raba kwanakin sati.

Ranar farko shago bai ga ciniki ba. Ya zaunar da ita a cinya, ya kara mata agogo a kunne, tana dariya tana cewa "tik-tik". Da rana ta yi zafi mai ƙanƙara ya zo wucewa da kularsa, 'Yar Tsuntsu ta miƙa hannu.

"Kaka na can ya hana," ta ce.

Ai kuwa da ba ta faɗi haka ba da sauƙi. Mai Agogo ya saya mata ja, ya saya mata ruwan ɗorawa. Da mai kankana ya zo da farantinsa a buɗe, ƙudaje na yi masa rakiya, ya zaɓa mata yanka mafi girma. Ta sha har wuya, ruwan na bin haɓa.

"Wane Kaka ne mai daɗi?"

"Kai!"

Ranar nan har mai aski sai da aka yi wa kyautar batir.

Washegari Malama ta kawo ta tana cewa ta ɗan yi rigima da asuba, ta ƙi karin kumallo. Ta ajiye ta a gida wajen Inna ta yi sauri ta tafi. Ƙarfe tara da minti goma yarinya ta yi amai a tabarmar tsakar gida. Inna ta aika aka kira Mai Agogo, ya rufe akwati ya taho. Kafin goma ta sake. Sai gudawa ta biyo baya, ruwa tsululu, fo bai huta ba, Inna na ta kai da kawo da buta duk da ciwon gwiwarta.

"Ko haƙori ne?" in ji Inna.

"Haƙoranta sun cika, na ƙirga jiya."

"To a kira uwarta."

"Wayarta a kashe take in tana aji."

"To a kira Likita."

Mai Agogo ya yi kamar da bango take magana. Ya zauna a bakin gado, ya kafa wa yarinyar ido, ya shiga tunani irin na sana'arsa. Shekara arba'in, babban abokin gabansa a duniya ruwa ne. Agogon da ya faɗa kwata, agogon da aka yi wanki da shi, duk maganinsu ɗaya: a buɗe baya, a tsane, a ajiye a inuwa ya bushe, kada a kuskura ko ɗigo ya ƙara shiga. Ga yarinya kuma ruwa na fita ta sama, yana fita ta ƙasa. Da aka ba ta kofi ta shanye, ko minti biyar ba a yi ba ya dawo. Ai magana ta fito fili.

"Ruwa ne ya yi mata yawa a ciki," ya ce. "Kada a ƙara ba ta. A bari ta tsane."

Ita ma Inna a zamaninsu ta sha jin manya na cewa ruwa ƙara gudawa yake. Ta ɗauke kofin ta ɗora a kan kabad.

Ya kunna fanka, ya kwantar da yarinyar a inda iska ke kaɗawa. Ya ɗauko bayan wani kwali yana rubuta lokacin kowane amai da kowace gudawa, don shi ko bala'i ne ya fi so ya zo a tsare. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta gota. Aman ya ɗan lafa, ya dubi Inna da alamar "ba na faɗa miki ba?" Amma surutun ma ya lafa. 'Yar Tsuntsu da ba ta iya minti ɗaya bakinta a rufe ta yi lamo, idanun sun ɗan faɗa ciki.

Can ta buɗe baki ta fara kuka. "Kaka, ruwa."

Ya sunkuya kanta, bisa sabo ya maƙala madubinsa. Ya duba bakinta da idanunta. Leɓen ya bushe ya yi tsaga-tsaga, harshen ba yawu. Kuka take sosai, fuska a yamutse, amma gefen idon ƙayau, babu hawaye ko ɗigo. Ya san agogon da allurarsa ke motsi alhali ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ya san yadda yake yi kafin ya tsaya.

Ya ɗauko waya. Lambar tana nan, a ƙarƙashin sunan da shi da kansa ya ajiye ta: Mai Tura Gado. Ya dube ta, ya dubi yarinyar. In ya kira, ya faɗi jarrabawa, kuma a gaban wanda ya fi ƙi ya gani. Ya danna.

"Malam, kana ina?"

"Ina layi, saura mutum shida a zo kaina. Lafiya?"

"Yarinyar ce. Amai da gudawa tun safe. Tana kuka ba hawaye."

"Tana shan ruwa?"

Mai Agogo ya ce, "Na hana."

Likita ya ce, "A ba ta yanzu, kaɗan-kaɗan. A sayo fakitin gishiri da sukari a kemis, da ruwan gora lita ɗaya wanda ba a fasa ba. Ga ni nan."

Layin da ya kama tun sassafe ya bari, ya hau babur. Da ya shigo bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Ya fito da sabulunsa ya wanke hannu har gwiwar hannu, sannan ya tsuguna, ya ɗan tsunkuli fatar cikin yarinyar ya saki. Fatar ta koma a hankali, kamar mai jin nauyi.

"Yaushe rabonta da fitsari?"

"Inna ta ce takwas da rabi," in ji Mai Agogo, ya miƙa masa kwalin. "Amai huɗu, gudawa shida. Ga lokutan."

Likita ya duba kwalin, ya ɗaga gira. "Da masu jinya duka haka suke, da likitoci sun huta." Ya juye fakitin cikin gorar, ya jijjiga. "Malam, mutum ba agogo ba ne. Agogo ruwa ke kashe shi, mutum bushewa ke kashe shi. Gudawar ba ita ce abin tsoro ba, abin da take kwashewa ne. Duk abin da ya fita sai a mayar."

Ya zuba a kofi ya kai mata baki. To hannun Likita yana rawa, tsufa ya fara karɓar haraji, yarinya kuma ga ƙishi. Ta kama kofin ta kwankwaɗe, rabi a ciki rabi a riga. Ba a jima ba ta dawo da shi duka.

Allah ya gafarta wa Mai Agogo, amma shi da bakinsa ya gaya mini cewa a tsakiyar wannan tashin hankali sai da wani ɗan sanyi ya ratsa zuciyarsa.

"Laifina ne," in ji Likita. "Ciki ya fusata, ba ya son a yi masa yawa. A dakata minti goma. Bayan nan cokalin shayi ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, ba fashi, ba gaggawa. Sai dai hannuna..." Ya dubi yatsunsa.

Mai Agogo ya riga ya kwance agogonsa. Minti goma cif, ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya, ya kara mata agogon a kunne. Hannun da ke ɗaukar sukurun agogon da bai kai ƙwayar yashi ba da hantsaki, cokalin shayi ai wasa ne a wurinsa. "In siririyar allurar nan mai gudu ta zo sama, tsuntsu ya buɗe baki." Allura ta zo sama, tsuntsu ya buɗe baki. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Duk da haka asibiti za mu," in ji Likita. Maganinsa na kullum.

Suka tari tasi. Likita na riƙe da gora, Mai Agogo na riƙe da yarinya da cokali, yana yi wa direba tsawa duk sanda ya faɗa rami.

A ƙaramin asibitin unguwa nas ɗin da ke aiki ta miƙe tsaye tana ganinsu. "Lah, Baba! Kai ne yau a wajenmu?" Ba da Mai Agogo take ba. Shi ko kallo bai samu ba sai da ta gama tambayar Likita lafiyar gwiwa da ta iyali. Ya ajiye wannan a ransa don gaba.

Ta duba yarinyar, ta karanta kwalin, ta ce ruwan jikinta ya ragu amma bai kai a ɗaura mata ƙarin ruwa ba, tunda tana karɓar cokali. Ta zaunar da su a benci a wani lungu, ta ce su ci gaba na awa huɗu a gabanta.

"Ba za a yi mata allura ba?" in ji Mai Agogo. "Ko kafso?"

"Baba, wannan ciwon ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, ko da madubinka. Suna shiga ta abinci, ko ruwa, ko hannun da ba a wanke ba, su tayar wa ciki da hanji hankali. Jiki sai ya yi ta korarsu ta sama da ƙasa. Yawanci kwana biyu zuwa uku ya lafa da kansa, kafso ba ya yi wa akasarinsu komai. Aikinmu kada ta bushe kafin nan. Zan ba ku ƙwayar zink ta sha kwana goma, kuma kada a hana ta abinci in ta nema. In kun ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ta kasa sha, ko barci ya yi mata nauyi ba ta farkawa sosai, ku dawo a guje. Me ta ci jiya?"

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mai Agogo ya dubi silin, ya dubi ƙasa.

"Ƙanƙara. Biyu. Da kankana ta kan faranti."

Ya jira Likita ya ce wani abu. Likita yana gyara marfin gora kamar bai ji ba.

"Zai iya zama su, zai iya zama ba su ba," in ji nas. "Yara na ɗauka a wajen juna ma. Amma dai a kiyaye. Kuma duk wanda ya wanke ta, ya wanke hannu da sabulu, don tana yaɗuwa."

Awa uku suna kan bencin nan, tsofaffi biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na zubawa ɗaya na ba wa. Ƙarfe huɗu saura minti goma sha uku, Mai Agogo ya ji ɗumi yana bin cinyarsa, yana gangarawa har cikin takalmi.

"Ta yi fitsari!" Likita ya miƙe. "Alhamdu lillahi, ruwa ya koma!"

Mai Agogo ya dubi farar rigarsa da ta jiƙe sharkaf, fuskarsa ta washe kamar an ba shi sarauta. "A cinyata ta yi," ya ce. "Malam, ka dai gani ko? A cinyata."

A haka Malama ta same su, ta shigo a firgice da alli a hannun riga, Inna ce ta same ta a waya bayan an tashi. 'Yar Tsuntsu ta gan ta ta fashe da kuka, hawaye shaɓe-shaɓe, tsofaffin biyu suna ta murna, uwar na kallonsu kamar sun zautu. Mai Agogo bai jira a tambaye shi ba. Ya faɗa mata ƙanƙara, ya faɗa mata kankana, ya faɗa mata kofin da aka ɗora a kan kabad. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai Baba, Allah ya kiyaye gaba." Irin "ba komai" ɗin da ke da komai a ciki. Ya san an gama da shi, ya koma minti huɗu, in ma an ci gaba da biyowa ta layin.

Bayan kwana biyu akwatin gilashi bai buɗe ba. Mai Agogo, wanda ya ɗauki maganar sabulu a matsayin fi'ilin 'yan asibiti, ya ɗauraye hannu da ruwa kawai, yana kwance yana zarya tsakanin gado da bayi. Da hantsi sai ga sallama. Likita ne, da gora da fakiti.

"Inna, ce masa ina barci."

"Ya ji ka ai," in ji Inna.

Likita ya zauna a bakin gado ya haɗa ruwan. Mai Agogo ya juya wa bango fuska yana gunaguni. "In da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta."

"To ai kurar ba ta kamu ba, Malam," in ji Likita, yana shafa aljihun sabulunsa. "Tashi ka kurɓa. Kaɗan-kaɗan, kai za ka duba mana lokaci, ni agogona ya tsaya tun bara."

"Tun bara? Kana da suruki mai gyara, kake yawo da mataccen agogo?"

"Ina jin nauyin kawowa ne. Na ga kamar ba ka cika son ganina ba."

Mai Agogo ya kurɓa. Can ya miƙa hannu. "Kawo shi nan."

Abin da bai sani ba sai daga baya, Likita ne ya je ya sami 'yarsa. Ya ce mata wanda ya iya kiran wanda ba ya so saboda yarinya, ya kuma zauna awa huɗu yana ba da cokali bai tsallake ko ɗaya ba, ya fi ƙarfin minti huɗu. Ya ƙara da cewa shi ma gwiwarsa na son hutu, ga tantancewar da ya bari sai ya sake bin layi.

Yanzu in ka biyo ta layinmu ran Talata ko Alhamis, za ka ga 'Yar Tsuntsu a cinyar Mai Agogo da agogo a kunne. A kan akwatin gilashin akwai buta da sabulu, sabo fil, wanda ya ninka na Likita sau uku, don da gangan ya zaɓo. Mai ƙanƙara kuwa ya canza hanya, tun ranar da aka yi masa wa'azin ƙwayoyin cuta na minti ashirin da biyar.

Rannan na ce masa, "To Malam, yanzu dai rai ya kwanta?"

Ya cire madubin ya dube ni. "Ya kwanta a ina? Litinin, Laraba, Juma'a. Shi uku, ni biyu. Kai ma ai ka yi makaranta."